Ciwon dajin mahaifiyarmu ya bazu: mu ci gaba da kemo ko mu mai da ita gida?

Tambaya: Mahaifiyarmu tana da shekara 64. Shekara biyu da suka wuce aka cire mata nono saboda ciwon daji, aka yi mata kemo, wato magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin daji, sau shida. Yanzu hoto ya nuna ciwon ya dawo a ƙashin baya da hanta. Likita ya ce ba zai warke ba, amma za a iya gwada wani kemon. Yayanmu yana so a sayar da gona a fita da ita waje, wasu kuma sun ce a mai da ita gida a bar wa Allah. Yawancin yini a kwance take, ciwon baya yana hana ta barci, kuma ba mu gaya mata abin da aka gani ba. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Sannu da jinya, Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya saka muku da alheri.

Da za a tambaye ni abu ɗaya da ba zai jira taron iyali ba, zan ce ciwon bayan nan ne. Kafin maganar kemo ko fita waje, ka duba ƙafafunta yau. Shin suna nauyi ko sanyi? Tana jin kamar an ɗaure mata ƙirji ko ciki da igiya? Fitsari yana riƙewa, ko yana zuba ba ta sani ba? Idan akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan, mai yiwuwa ciwon da ke ƙashin baya ya fara danne laka, kuma wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti a ranar. Abin da aka saba yi shi ne a ba da maganin rage kumburi mai suna dexamethasone, yawanci miligiram 16 a rana, a ɗauki hoton MRI, a yi gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ko aikin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda aka kama yana iya tafiya, galibi yakan ci gaba da tafiya. Wanda aka bari har ƙafafu suka mutu kwanaki, da wuya su dawo. Ko iyali sun yanke shawarar barin kemo gaba ɗaya, wannan ba abin bari ba ne, domin bambancin mai zuwa bayi da ƙafarta da wadda ake ɗauka a juya ba ƙarami ba ne a sauran kwanakinta.

Idan babu waɗannan alamomi, sai mu zauna mu auna.

Likita ya gaya muku gaskiya. Ciwon dajin nono da ya kai ƙashi da hanta ba a warkar da shi a Kano, ba a warkar da shi a Alƙahira ko Indiya ko Landan. Abin da magani ke iya yi abu biyu ne: ya rage raɗaɗi da sauran wahalhalu, ko ya ja lokaci. Wasu mata suna shekaru da shi, musamman waɗanda ciwonsu ke jin maganin homon, wato maganin da ke danne sinadarin jikin mata da ke ciyar da ciwon. Wasu watanni. Yana da kyau kowa a gidan ya ji wannan da kunnensa, saboda rashin fahimtarsa ya zama ruwan dare har a ƙasashen da suka ci gaba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, kashi 69 cikin ɗari na masu ciwon dajin huhu da ya bazu, da kashi 81 na masu na hanji, ba su gane cewa kemon da ake yi musu ba zai warkar da su ba. Kuma idan likita ya ce "maganin ya yi aiki", a ma'aunin da suke amfani da shi yana nufin ƙullutun ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin ɗari a hoto. Bai ɓace ba, kuma zai sake girma bayan wani lokaci.

Abin da ya fi komai nuna ko kemo zai amfane ta shi ne ƙarfin jikinta, fiye da shekarunta, fiye ma da girman abin da ke cikin hoton. Likitoci suna da ma'auni daga 0 zuwa 4. Mai 0 yana harkokinsa kamar da. Mai 1 aiki mai nauyi ne kaɗai ya gagare shi. Mai 2 ba ya iya aiki, amma yana wanka da cin abinci da kansa, kuma fiye da rabin yini yana tsaye ko yana kai-komo. Mai 3 fiye da rabin yini a gado ko kujera yake, sai an taimaka masa. Mai 4 ba ya tashi sam. Yadda ka siffanta Hajiya, tana kan 3. A 2012 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta ba da shawarar a guji yi wa masu mataki na 3 da na 4 kemo idan maganin baya bai yi amfani ba kuma babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sabon zai yi. Dalilin a fili yake: jikin da ya riga ya gaji ba ya murmurewa tsakanin allura da allura, ɓargo ba ya mayar da jinin da aka kashe, sai illa ta riga amfani isowa. Wani binciken na 2015 a kan masu watannin ƙarshe ya gano kemo bai kyautata rayuwar masu rauni ba, kuma waɗanda ke da ɗan ƙarfinsu ma ya ƙara musu wahala a makonsu na ƙarshe.

Sai dai akwai tambayar da nake so a tsaya a kanta sosai, domin nan ne ake yawan yin kuskure ta ɓangarorin biyu. Me ya kwantar da ita? Idan ciwon baya ne kaɗai ya hana ta tashi, to da zarar an kashe raɗaɗin za ta iya komawa mataki na 2 ko ma na 1 cikin mako biyu, kuma lissafin kemo ya canza. Haka idan ƙarancin jini ne, ko sinadarin kalsiyam ya yi yawa a jininta, wanda yakan faru idan ciwo ya ci ƙashi. Alamarsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, taurin bayan gida, barci da ruɗewa, kuma ƙarin ruwa da allurar zoledronic acid sukan sauke shi cikin 'yan kwanaki. Amma idan abin da ya kwantar da ita rama ce, da kasala ta gaba ɗaya, da hanta mai gazawa, wato ido ya yi rawaya, ciki ya tara ruwa, ƙafa ta kumbura, to wannan ciwon ne da kansa ya yi nisa, kuma kemo a wannan hali ya fi kusa da rage kwana. Saboda haka ku nemi a yi gwajin jini na gaba ɗaya, da na aikin hanta, da na ƙoda, da na kalsiyam. A gyara abin da ke gyaruwa, a kashe raɗaɗi, sannan a sake auna ta bayan kwana goma zuwa sha huɗu. Hukuncin da aka yanke a kan mace mai kwana da kuka saboda ciwo ba hukuncin gaskiya ba ne.

Abu na biyu, ku nemo takardar gwajin tsokar da aka cire mata. A jikinta ku duba haruffan nan: ER, PR da HER2, alamomi ne da ke nuna irin maganin da ciwon zai ji. Mutane da yawa an yi musu aiki ba a yi wannan gwajin ba, ko an yi takardar ta ɓace. Idan haka ne, ku tambayi ɗakin gwajin ko suna ajiye da tsokar, domin akan adana ta cikin kakin gwaji shekaru, kuma ana iya yin gwajin a kanta yanzu. Idan ER ya nuna akwai, ciwon yana rayuwa ne da homon na mata, kuma ana iya danne shi da ƙwaya ɗaya a rana: letrozole miligiram 2.5, ko anastrozole miligiram 1 ga wadda ta daina al'ada, ko tamoxifen miligiram 20. Ba sa zubar da gashi, ba sa kashe jini, ana sha a gida, kuɗinsu bai kama ƙafar na kemo ba, kuma mai rauni ma tana iya ɗauka. Illarsu ciwon gaɓoɓi da jin zafi a jiki, tamoxifen kuma yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini. Aibinsu jinkiri: sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin tasiri, don haka ba su dace da hantar da ke lalacewa da sauri ba. Idan tana kan ɗaya tun bayan aiki ciwon ya dawo, akan sauya zuwa wani. Idan HER2 ne ya nuna, akwai trastuzumab, ana sa shi duk mako uku, yana aiki ƙwarai, amma yana da tsada kuma sai an duba ƙarfin zuciya. Idan ukun duk babu, wanda ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, to kemo ne kusan kaɗai ya rage, kuma amfaninsa yakan zama na ɗan lokaci.

Shi kansa kemon ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka yi mata da farko an yi shi ne da niyyar warkarwa, shi ya sa aka haɗa magunguna biyu ko uku aka matsa. Yanzu da niyya ta sauya, abin da aka fi so shi ne magani ɗaya a lokaci ɗaya. Haɗin yakan fi rage ƙullutu, amma wahalarsa ta fi yawa kuma bai cika ƙara wani tsawon rai na kirki ba. Capecitabine ƙwaya ce, ana sha kwana 14 a huta 7. Tana kawo gudawa, gyambon baki, da ja da tsagewar tafin hannu da na ƙafa, kuma tana bukatar ƙoda mai aiki. Paclitaxel akan sa shi kaɗan-kaɗan duk mako, yana kawo mutuwar yatsu da zubar gashi, kuma dole a rage shi idan hanta ta taɓu. Jan ruwan nan da mata ke tunawa, doxorubicin, yana da iyakar abin da zuciya ke ɗauka a tsawon rayuwa, don haka a kai wa likita katin kemon farko ya lissafa nawa ta riga ta sha. Kuma a sani, kowane zagaye na sabon magani yakan yi ƙasa da wanda ya gabace shi a amfani.

Idan bayan an gyara ta ta miƙe, kuma ita da kanta tana so, hanyar da nake ganin ta fi adalci ita ce gwaji mai wa'adi. A yi sau biyu ko uku, wato mako shida zuwa tara, amma tun kafin allurar farko a zauna da likita a rubuta abin da zai sa a ci gaba da abin da zai sa a tsaya. A ci gaba idan raɗaɗi ya ragu, tana ci, tana tashi, gwajin hanta bai ƙara lalacewa ba. A tsaya idan ta ƙara kwanciya, ko an kwantar da ita a asibiti saboda illar maganin, ko hoto ya nuna ciwon ya ƙaru. Amfanin rubutawa tun farko shi ne, ranar tsayawa ba wanda zai ce wane ne ya karaya. Ku kuma riƙa lissafin kwanaki a kalanda. A zagayen kwana 21, ku cire ranar gwajin jini, ranar allura, kwanakin hanya idan daga nesa kuke, da kwanakin amai da kasala bayan allura. Abin da ya rage su ne kwanakin da maganin ya saya mata. Idan sun fi waɗanda ya ci, madalla.

Duk mai kemo dole a sami ma'aunin zafin jiki a gidansa. Fararen ƙwayoyin jini sukan faɗi ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a wannan tsakanin na iya kashewa cikin awoyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce maleriya ce, a je kyamis a sayo magani a jira gobe. Asibiti za a nufa a daren, a gaya musu tana kan kemo, a duba jini har da maleriyar, a fara maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take.

Gashi kuwa, don ciwon ƙashi, yana cikin abubuwa mafi riba ga mai irin halinta. Zama ɗaya tak, mai ƙarfin awo 8, yana rage raɗaɗi ga kusan mutum shida cikin goma, kuma an gwada an ga sauƙin da yake bayarwa daidai yake da na zama goma, sai dai an fi bukatar maimaita shi daga baya. Ga wadda za a ɗauko daga nesa, wannan bambancin kwana ɗaya ne da mako biyu a garin da ba nata ba, don haka ku tambaya kai tsaye ko zama ɗaya zai wadatar. Sauƙin yakan zo cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ciwon kan ɗan ƙaru a kwanakin farko. Akwai sassan gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, amma ku kira ku tabbatar injin yana aiki da tsawon layi kafin ku ɗauko ta. Ita kuma zoledronic acid, miligiram 4 ta jijiya, tana rage karayar ƙashi, kuma sau ɗaya duk mako 12 ya wadatar ga yawancin mutane. A duba ƙoda da haƙora kafin a fara.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato raɗaɗi. Ba daidai ba ne mace ta kwana tana nishi alhali maganinsa yana nan kuma ba shi da tsada. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin: a ba da ta baki, a ba da kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, a hau daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Ciwon da ke hana barci ya wuce farasitamol da tiramadol. Tiramadol ba a wuce miligiram 400 a rana, kuma bayan nan ƙari sai illa. Allurar pentazocine da aka saba yi a ƙananan asibitoci ba ta dace ba: aikinta gajere ne, tana da iyaka, tana sa ruɗewa, kuma tana iya hana morfin aiki idan aka haɗa su. Su diclofenac da ibuprofen suna taimaka wa ciwon ƙashi, amma ga tsohuwa mai ƙarancin ci da sha suna iya taɓa ƙoda ko su fasa ciki, balle idan tana shan dexamethasone. Farasitamol ma a rage shi tunda hanta ta taɓu.

Morfin na sha shi ne ginshiƙi. Zan nuna lissafin don ku gane abin da likita ke yi, ba don ku rubuta da kanku ba. Akan fara da miligiram 5 duk awa 4, ko 2.5 ga mai rauni sosai ko mai matsalar ƙoda. Biyar sau shida ya zama 30 a rana. Idan ciwo ya keto tsakanin lokuta, akan ba da ƙarin kashi ɗaya cikin shida na jimlar yini, wato 5, a rubuta a littafi. Idan ta bukaci ƙari sau uku, jimla ta zama 45, sai likita ya mai da na kullum 7.5 duk awa 4. Haka ake hawa har ta yi barci ta kuma iya juyawa ba kuka. Ruwan morfin yana zuwa da ƙarfi daban-daban, don haka ku sa mai ba da magani ya rubuta muku mililita nawa ne a jikin kwalbar, ku auna da sirinji, ba da cokalin shayi ba. Gyangyaɗi na kwana biyu ko uku na farko yakan wuce. Tashin zuciya ma yakan wuce cikin mako, metoclopramide yana taimakawa. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, shi ya sa ake fara senna ko bisacodyl a ranar da aka fara morfin. Da yawa daga cikin masu cewa morfin bai karɓe su ba, an manta da wannan ne. Idan ta yi barcin da ba a iya tashinta, ko jiki yana fizga, ko numfashi ya koma ƙasa da takwas a minti, a dakata a kira likita. Morfin da aka hau da shi a hankali saboda ciwo ba ya gajarta rai, kuma ba ya mai da tsohuwa 'yar ƙwaya. A dai kulle shi inda yara da matasa ba za su kai ba. Ciwo mai kama da wuta ko lantarki da ke sauka ƙafa na jijiya ne, yana bukatar ƙarin amitriptyline ko gabapentin.

Ba kowane kyamis ke da morfin ba, a manyan asibitocin gwamnati ake samu. Ku tambayi sashen da ake kira faliyetif, wato masu kula da sauƙaƙa wahalar ciwo, ko likitocin sa barci idan babu sashen. Zuwa wurinsu ba alamar an sallama ba ce. A 2010 an yi gwaji a wani asibitin Boston da mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Rabi aka haɗa su da wannan sashe tun farko tare da maganinsu na daji. Sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya yi musu sauƙi, an rage musu magunguna masu tsanani a ƙarshe, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa 8.9.

Game da gona da fita waje, niyyar Yaya abin girmamawa ce, kada a mai da shi abokin faɗa. A ba shi aiki: ya tura takardun gwaji da hotuna zuwa asibitin da yake tunani, ya nemi amsa a rubuce kan tambaya uku. Wane magani za ku ba ta wanda babu shi a Najeriya? Wata nawa ake sa ran zai ƙara? Nawa ne kuɗinsa har ƙarshe? Sau da yawa amsar ita ce paclitaxel ɗin nan da letrozole ɗin nan. Tafiya tana da ma'ana idan mutum yana da ƙarfi kuma akwai takamaiman abin da ba a samu a gida. Ga mai mataki na 3, doguwar tafiya tana da haɗarin daskarewar jini da karayar ƙashi, ga yiwuwar ajali ya riske ta nesa da 'ya'ya da jikoki. A gida ma ku nemi jimlar kuɗin duka zagayen, har da gwaje-gwaje, maganin amai, ƙarin jini da mota, domin kemon da aka fara kuɗi suka yanke a tsakiya ya bar illa ba amfani. Ku ware kuɗin maganin ciwo da na jinya na watanni tukuna, abin da ya saura shi ake tattaunawa. Ku kuma tambayi ofishin walwala na asibitin game da asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya ƙunshi na nono. Masu cewa suna warkar da daji da jiƙo, a yi hattara: hantar da ta riga ta taɓu ba ta jure haɗin da ba a san abin da ke ciki ba. Addu'a, tofi da zamzam ba sa karo da komai.

Duk wannan lissafi ba zai cika ba sai an ji ta bakin Hajiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matar da aka cire wa nono aka yi wa kemo sau shida ta riga ta zargi abin da ke faruwa. Sau da yawa tana shiru ne don kada ta tayar muku da hankali, ku ma kuna shiru don kada ku tayar da nata. Ba a ce a je a sauke mata labari gaba ɗaya ba. Wanda ta fi sakewa da shi ya zauna kusa da ita, ba cikin taro ba, ya ce: "Hajiya, sakamakon hoton ya fito. Kina so likita ya yi miki bayani da kanki, ko kin fi so mu ji mu yanke?" Idan ta ce ku ji, an girmama ta, kuma zaɓinta ne. Idan ta ce tana so, a gaya mata kaɗan-kaɗan, a tsaya inda ta tsaya. Sannan a tambaye ta me ta fi tsoro, me take so ta samu yi, a ina take so ta kasance idan jiki ya yi nauyi, kuma wace wahala ce ba za ta yarda ta sake sha ba. Wata za ta ce a gwada komai. Wata za ta ce ita dai ta ga auren autarta, sai a tsara magani a kan wannan ranar. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin sanin halin da yake ciki da haƙƙin ƙin magani. Kuma akwai abubuwan da ita kaɗai za ta iya yi: wasiyya, bashin da ke kanta ko wanda take bi, amanar da aka ba ta, neman gafarar wanda suka saɓa.

Masu cewa a bar wa Allah da masu cewa a nemi magani duk suna da madogara. An umarce mu da neman magani, kuma hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri yana cikin abin da malamai ke kafa hujja da shi cewa barin maganin da ba a da tabbacin amfaninsa ba laifi ba ne. Barin kemon da likita ya ce ba zai warkar ba bai zama kisan kai ba. Amma mai da ita gida ba tare da morfin ba, ba lambar wayar nas ko likita, wannan sakaci ne, kuma ba na so a lulluɓe shi da sunan tawakkali.

Idan gida aka zaɓa, abinci ne zai fi tayar da hankali. Ramar ciwon daji ba ta yunwa ba ce, ciwon ne ke sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, kuma ɗura ba ya mai da tsoka. A ba ta abin da take marmari, kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, fura mai ruwa, romo, ƙwai, yogot. Kada a hana ta suga ko nama da sunan suna ciyar da ciwo. A leƙa bakinta, idan akwai farin dabbare-dabbare a harshe to naman gwari ne, nystatin ko fluconazole na kawar da shi, ci ya dawo. Dirip ba abinci ba ne, lita ɗaya ta ruwan suga ta yau da kullum giram 50 kawai na suga ke ciki, kuma a kwanakin ƙarshe yakan taru a huhu da ƙafafu ya ƙara wahalar numfashi. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya hana tilasta wa marasa lafiya ci da sha. A riƙa juya ta duk awa biyu zuwa uku, a duba ƙugu da dunduniya da gindin baya, a shafa mai, a ajiye shimfiɗa a bushe. Idan akwai gyambo mai wari a ƙirji, a wanke da ruwan gishiri, a daka ƙwayar Flagyl a barbaɗa, warin yakan faɗi cikin kwana biyu ko uku. Ruwan da ya taru a ciki ko a ƙirji ana zuƙe shi a asibiti a yini ɗaya, sauƙinsa nan take ne. Ƙarancin numfashi kuwa fanka a fuska da ɗan morfin sukan fi iskar oksijin amfani, sai idan awo ya nuna iskar jininta ta yi ƙasa. Kada a bar jinyar a kan 'ya mace ɗaya, a raba kwana.

Lokaci Allah kaɗai ya san shi, likitoci ma an gano sun fi karkata ga ƙiyasin da ya zarce gaskiya. Abin da masu jinya ke dubawa shi ne saurin sauyi. Idan daga wata zuwa wata ake ganin raguwa, ana maganar watanni. Idan daga mako zuwa mako ne, makonni. Idan kullum sai an ga bambanci, barci ya yi yawa, ta daina sha, fitsari ya ragu, to a kira na nesa su taho. Tun kafin a kai nan ku tambayi likita abu biyu: me za a yi idan numfashi ko zuciya ta tsaya, domin danna ƙirji da injin numfashi kusan ba sa dawo da mai ciwon daji da ya kai wannan mataki, da kuma yadda za a ci gaba da morfin idan haɗiya ta gagara. Ba a yanke shi kwatsam. Akan ɗiga ruwan morfin mai ƙarfi a gefen kunci, ko a koma allurar ƙarƙashin fata da rabin adadin na baki, kuma gara a karɓi takardar da kayan tun tana iya haɗiya.